Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: koya wa yara mulkin jama'a

Sau da yawa ɗan lakwal yakan hardace darasin tarbiyyar ɗan ƙasa da Faransanci, har ya ci jarrabawa, amma in aka ce ya faɗi ma'anarsa da harshen gida sai ya yi shiru. Alhali kuwa akwai abubuwa huɗu da ya wajaba ya gane kafin ya cika shekara 18, lokacin da zai fara jefa ƙuri'a.

Na farko, a dimokuraɗiyya mulki na jama'a ne. Shugaba amana aka ba shi, kuma tana da wa'adi. Na biyu, ƙuri'a sirri ce, kuma ta manomi daidai take da ta minista. Na uku, iko kashi uku ne: majalisa ta tsara doka, gwamnati ta zartar, alƙalai su yi shari'a, don kada ya taru a hannu guda. Na huɗu, haƙƙi da wajibi tare suke tafiya: mai son a gina masa likita da rijiya, sai ya biya haraji.

Tarihin ƙasarmu ya isa misali. An kafa Jamhuriyar Nijar ran 18 ga Disamba 1958. Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai a 1991 ya share fagen zaɓen jam'iyyu da dama na 1993. Daga 1960 zuwa 2010 mun ga jamhuriya 7, kuma an dakatar da tsarin mulkin ta bakwai a Yulin 2023. Ashe ke nan rubutu kaɗai ba ya tsare doka, sai ta zauna a zukatan mutane.

To, yaya malami zai yi? Ya soma da zaɓen shugaban aji. Maza da mata su tsaya takara, kowa ya faɗi manufarsa, a jefa takardu cikin kwali, a ƙirga a gaban kowa. Wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Bayan wata uku, shugaba ya tsaya gaban aji ya yi bayanin aikinsa.

Ku kuma iyaye da kuka yi yaƙi da jahilci, ku riƙa tambayar yaranku da maraice abin da aka koya musu. Yaron da ya saba karɓar kaye a aji, ba zai ɗauki sanda ranar zaɓe ba. Allah shi yi mana jagora, amin.