'Yar Na'urar Cigiya: Yadda Take Aiki da Iyakar Amfaninta

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana ya san zafin ɓatan kaya. Yau makullin akwati ne, gobe jakar littattafai, jibi kuwa ɗan kuɗin mota da aka adana tun farkon zango. A gida ma haka abin yake. Manomi ya dawo daga gona ya laluba aljihu bai ji makullin babur ba, ko uwa ta sauka daga motar kasuwa ta tarar ƙullin kayanta ya wuce. A 'yan shekarun nan an ƙera wata ƙaramar na'ura domin irin wannan damuwa. Mu a nan za mu kira ta 'yar na'urar cigiya. Muna so mu bayyana yadda take aiki, domin kada wani ya kashe kuɗin guminsa a kan abin da bai fahimta ba.

Cigiya irin ta gida

Kafin mu je ga na'ura, bari mu tuna da abin da muka gada. Idan akuya ta ɓace a ƙauye, akan kai magana wurin mai unguwa, shi kuma ya sa a yi shela. A kasuwa akwai sarkin kasuwa da ake kai wa tsintuwa. Makiyayi yakan rataya wa dabba ƙararrawa, ko ya yi mata shaida a kunne. Da rediyo ya zo, sai aka riƙa kai cigiya gidan Rediyon Kano. A makaranta kuwa akan yi sanarwa a taron safe, a majami'a kuma bayan sujada. Duk waɗannan hanyoyi tushensu ɗaya ne, wato mai kaya yana aron idanu da kunnuwan jama'a. Mu riƙe wannan, gama shi ne asirin sabuwar na'urar.

Wace irin na'ura ce?

Wani kamfanin Amurka mai suna Tile ne ya fara shahara da ita, tun daga shekarar 2013. A watan Janairu na 2021 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fitar da tasa mai suna SmartTag. A watan Afrilu na wannan shekarar kuma kamfanin Apple ya fitar da AirTag, a kan dala 29 kowace ɗaya. Wannan AirTag ta farko faɗinta kusan milimita 32 ne, kamar murfin kwalbar lemo, nauyinta kuwa giram 11. A cikinta akwai ɗan batir faifai irin na ƙaramin sikeli, wanda yakan kai kimanin shekara guda kafin a sauya shi. Akan rataya ta a jikin makulli, ko a jefa ta cikin jaka.

Mutane da yawa suna zaton tana magana da tauraron ɗan Adam. Ba haka ba ne. Ba ta da layin waya, ba ta kuma san inda take ba. Aikinta ɗaya ne: lokaci zuwa lokaci tana sakin wata 'yar siginar rediyo ta hanyar Bluetooth, irin wanda muke tura waƙa da shi daga waya zuwa waya. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya soma aikin Bluetooth a 1994, aka kuma sa masa laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na 10. Siginar ba ta da nisan zango. A fili takan kai wasu gomman mitoci, katanga kuwa tana rage mata ƙarfi.

Yadda ake gano kaya

Idan abin da ya ɓace yana kusa, aikin mai sauƙi ne. Mai shi ya danna wayarsa, sai na'urar ta yi ƙara, ya bi sautin har ƙarƙashin katifa ko bayan buhun gero. Wasu wayoyin masu tsada har kibiya suke nunawa, su faɗi sauran taku nawa.

Idan kuwa kayan ya yi nisa, a nan ne cigiya take shigowa. A ce jakar wani malami ta wuce cikin mota zuwa tasha. Na'urar da ke ciki tana ta sakin siginarta. Duk wayar da ta gitta kusa, in dai irin wadda ta dace ce, za ta ji wannan sigina. Ita wayar ta san inda take. Sai ta haɗa lambar na'urar da wurin da ta ji ta, ta kulle saƙon, ta aika ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani. Mai jaka kaɗai ke da mabuɗin saƙon. Da ya buɗe wayarsa sai ya ga taswira da lokacin da aka ji jakarsa na ƙarshe. Shi kuwa mai wayar da ta gitta bai ma san ta yi wannan aiki ba. Ashe dai shela ce, sai dai wayoyi ne suke yi wa juna.

Amma fa kowane kamfani da jama'arsa. Na'urorin Apple ne suke kai rahoton AirTag, wayoyin Galaxy ne suke kai na SmartTag. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Google ya buɗe nasa tsarin domin wayoyin Android, wanda na'urorin Chipolo da Pebblebee suka fara aiki da shi. Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce: wace irin waya ce a hannuna, wace iri ce kuma a hannun mutanen da nake zaune da su?

To, yaya za ta yi a ƙasarmu?

Ƙasarmu ba ta rasa jama'a ba. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna yadda manoma suke zaune gona na jikin gona, ana noma kowace shekara ba hutu. Daga Bichi zuwa Tsanyawa, ko daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Kunchi, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gida ko mai aiki a gona ba. Idan yawan mutane ake bukata, da mun wuce wurare da dama.

Sai dai na'urar ba mutane take ƙirgawa ba, wayoyi take jira. Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a 2001, ta kuma kai kowane lungu, amma yawancin abin da muke gani a ƙauye ƙaramar waya ce mai tocila, wadda ba ta shiga wannan aiki. Manyan wayoyin da ke hannun matasa galibi Tecno ne da Itel da Infinix, dukansu Android, ba sa kai rahoton AirTag. Ko wayar da ta dace ma sai tana da caji, Bluetooth ɗinta a kunne, akwai kuma data a ciki. Mun san yadda mukan kashe su duka domin tattalin batir da kuɗi. Ban da wannan, sa'ad da Google ya buɗe tsarinsa a 2024, ya tsara shi ne yadda sai wayoyi da dama sun ji na'ura kafin a nuna inda take, in ba mai waya ya sauya tsarin da kansa ba. Wannan ya dace da cunkoson birni, bai dace da hanyar gona ba.

Ke nan makullin da ya faɗi cikin kunyar dawa yana iya kwana da kwanaki yana kira ba mai amsawa, sai mai shi ya koma da wayarsa ya bi sawunsa. Amma jakar da ta shiga kasuwar hatsi ta Dawanau, ko tashar mota a birni, ko filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ta fi samun masu ji. Wanda yake son tsaron babur ko shanu kuwa, abin da ya kamace shi wata na'ura ce dabam, mai layin waya da ke aiki da tauraron ɗan Adam. Ita ta fi tsada, tana kuma bukatar caji da biyan kuɗi a kai a kai.

Hatsarin da ke ciki

Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. A Amurka da Turai an sami mugaye da suke ɓoye na'urar cikin jaka ko motar wani, musamman mata, domin su bi sawunsu. Saboda haka a watan Mayu na 2024 Apple da Google suka haɗa kai a kan tsarin gargaɗi ɗaya. Idan baƙuwar na'ura tana tafiya tare da mutum, babbar wayarsa takan sanar da shi. Ɗalibai, musamman 'yan mata, wanda ya ga irin wannan gargaɗi kada ya yi shiru. Ya gaya wa iyaye ko malami nan da nan. Sa wa mutum na'ura ba da saninsa ba cin amana ne.

Haka kuma, in taswira ta nuna kayanka a wani gida, kada ka tara abokai ku tafi da sanduna. Taswira takan yi kuskuren gida ɗaya ko biyu, a gari mai katanga jikin katanga kuwa wannan ya isa a ɓata sunan marar laifi. A kai magana wurin mai unguwa ko 'yan sanda. A kuma kiyaye batirinta daga ƙananan yara, gama haɗiye shi yana iya kisa.

Abin da na'ura ba ta iyawa

Na'urar tana iya nuna inda kaya yake, amma ba ta da hannun miƙo shi. Masu ƙera AirTag ma sun san haka, shi ya sa suka shirya yadda wanda ya tsince ta zai kara wayarsa a jikinta ya ga lambar mai ita, in mai ita ya sa. Daga nan kuma sai halin mai tsintuwa. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22, ya umarce mu mu mayar wa ɗan'uwa sansa ko tunkiyarsa ko rigarsa da ta ɓace, kada mu kau da kai. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da hukuncin yin cigiyar tsintuwa har shekara guda.

Saboda haka shawararmu ita ce, mai yawan tafiye-tafiye zuwa birni, in yana da hali da wayar da ta dace, na'urar za ta amfane shi. Sauranmu kuwa mu rubuta suna a littattafai, mu ɗaura wa makulli igiya, mu kai duk abin da muka tsinta ofishin makaranta a ranar da muka tsince shi. Magabata sun riga sun faɗa, kula da kaya ya fi ban cigiya.