WACE WAYA CE TA FI RUFA WA KAMFANI ASIRI?

Daga Wakilinmu

A shekarar 2010 hukumomin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da na Saudiyya da na Indiya suka yi barazanar toshe hanyar aika saƙonni ta wayar BlackBerry, domin jami'an tsaronsu sun kasa karanta abin da ake aikawa. Wannan ya ƙara wa manyan 'yan kasuwa sakankancewa da wayar. Abin da ya ɗaukaka ta kuwa shi ne, kamfani yana iya girka na'urar da ke sarrafa wayoyin ma'aikatansa a ofishinsa, makullin saƙonni yana hannunsa, in kuma waya ta ɓata sai ya goge abin da ke cikinta daga nesa.

To, amma yau da gobe ba ta bar kome ba. Kamfanin nan na Kanada ya daina ƙera waya da kansa a 2016, ran 4 ga Janairun 2022 kuma ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Yanzu fage ya rage wa iPhone ta kamfanin Apple da kuma wayoyin Android, watau tsarin da Google ke kula da shi. Tsakaninsu ne manajan da zai saya wa ma'aikata waya zai yi zaɓe, alhali kuwa lissafin kuɗi da takardun kwangila da lambobin banki duk a cikinta za su kwana.

Ƙarfin iPhone shi ne gida ɗaya ke ƙera wayar da tsarin da take aiki da shi, shi ne kuma ke tantance manhajojin da za a sa a kasuwarsa. Tun 2013 ya sa mata wani ɓangare na musamman mai ajiye makullan sirri. Duk da haka ba ta gagari masu kutse ba. A watan Agustan 2016 wani mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Daular Larabawa, Ahmed Mansoor, ya sami saƙon da bai amince da shi ba, sai ya miƙa wa masu bincike na Jami'ar Toronto. Nan aka gano manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ya ƙera. Abin lura a nan shi ne, kafin watan ya ƙare Apple ya ɗinke ɓarakar, ya kuma aika da gyaran ga wayoyinsa a lokaci guda.

Al'amarin Android dabam ne. A 2015 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Stagefright, wadda aka ƙiyasta ta shafi wayoyi kimanin miliyan 950, har saƙon bidiyo kaɗai ya isa a shiga waya. Google ya yi gyara, amma sai gyaran ya bi ta hannun kamfanin da ya ƙera kowace waya, wani lokaci har da kamfanin sadarwa, kafin ya isa ga mai ita. Wayoyi da dama ba su taɓa samunsa ba. Daga nan ne aka soma fitar da gyaran tsaro wata-wata.

Sai dai kada a ɗauka Android duka jirgi ɗaya ne. Samsung ya fito da tsarin Knox a 2013 domin ofisoshi. Har ila yau Android na ba da damar raba waya gida biyu, ɓangaren aiki da na mai waya, yadda kamfani zai goge nasa ba tare da ya taɓa hotunan iyalin ma'aikaci ba. Bugu da ƙari, Google ya yi alkawarin shekara 7 na gyaran tsaro ga wayarsa Pixel 8 a 2023, Samsung ma ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Inda gizo ke saƙa shi ne wayoyi masu araha waɗanda gyaransu ke yankewa da wuri, da kuma sakin jiki wajen sa manhajar da aka samo a wajen kasuwar Google.

Saboda haka tambayar da ta kamaci manaja ta wuce ta sunan waya. Ya tambaya, shekara nawa za a yi ana aiko mata gyara, kuma yana iya kulle ta daga ofis in ta ɓata? Wannan ya shafi kamfanoninmu na nan gida masu son sayen wayoyin gwanjo, domin tsohuwar iPhone da aka daina yi wa gyara ba ta kai sabuwar Android da ake kula da ita ba.

Sa'an nan a tuna, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikacin da ke karanta wa baƙon murya lambar sirrin da banki ya aiko masa, babu wayar da za ta cece shi, balle kamfanin da ya amince masa.