Tattaki a kwarurrukan Jidda: ina hatsarin yake?

 Yau za mu leƙa gabashin birnin Jidda na ƙasar Saudiyya, inda jama'a kan fita tattaki a lokacin sanyi, suna bin busassun kwarurruka zuwa gindin duwatsu da madatsun ruwa.

To, me ya sa masana ke yi wa masu wannan yawo kashedi? Dalili shi ne, duwatsun yankin ba su da ciyayin da za su riƙe ruwan sama. Da an sheƙa ruwa a can tudu, sai ya haɗu a kwari ɗaya, ya gangaro da ƙarfi ɗauke da yashi da tsakuwa. Kana cikin tafiyarka rana na ƙwallewa, ko yayyafi babu, sai ambaliya ta cim maka. Ruwa mai gudu kuwa, ko zurfinsa santimita 15 ne, yana iya kayar da babban mutum.

Jidda ta ga haka ranar 25 ga watan Nuwamban 2009, lokacin aikin Hajji. Ruwan 'yan sa'o'i ya zarce wanda birnin ke samu a shekara, mutane fiye da 100 suka rasu. Bayan wata ambaliyar a 2011, an gina ƙarin madatsu a bakin kwarurrukan.

Saboda haka, in ka hangi hadari a kan duwatsu, ko ka ji rugugi daga saman kwari, bar kayanka ka hau tudu nan take. Kada ka bi kwarin da gudu, ruwan ya fi ka sauri.