Shin Ko Kun San? Eriyar da Ke Toshe Kunne

Shin ko kun san cewa waya kan nuna sabis a cike amma magana ta yi ta yankewa? Sau da yawa hayaniya ce. Zangon rediyon da hukuma ke ba kamfanin waya kaɗan ne, dole ya yi ta maimaita shi unguwa bayan unguwa, sai siginar wannan ƙarfen sabis ta kutsa cikin ta maƙwabcinsa.

Ko kun san tsohuwar eriya tamkar sanƙira take? Akan raba kan ƙarfe gida uku, kowane ɓangare ya watsa sigina a faɗin digiri 120. Mai buƙata ya ji, wanda ba ruwansa ma ya ji.

Eriya mai sauya alƙibla kuwa jerin ƙananan eriyoyi ne a akwati ɗaya. Kwamfuta ke jinkirta siginar kowace da ɗan mitsitsin lokaci, ta yadda za su haɗa ƙarfi daidai inda wayarka take, su kashe juna a wani gefen. Ko ƙusa ɗaya ba ta motsi, lissafi ne zalla. Abin da ya fi burge ni shi ne wajen sauraro: tana gano ta inda mai katsalandan yake, ta toshe kunnenta ta wannan fuskar kaɗai, ta ci gaba da jin ka. A ƙa'ida, eriyoyi takwas za su iya toshe kunne ta fuska bakwai.

Ko kun san dabarar ta girmi wayar salula? Tun 1905 Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya haɗa eriya uku ya karkatar da sigina gefe guda. Masu aikin rada na sojan Amurka suka raya ta don kauce wa masu dagula musu sigina da gangan, a 1967 kuma Bernard Widrow da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan eriyar da ke gyara kanta.

Martin Cooper, wanda ya buga kiran farko da wayar hannu a 1973, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin ArrayComm a 1992, aka girka eriyoyinsu masu sauya alƙibla a wani tsarin waya na Japan.

Yau akwatin 5G ɗaya kan ɗauki hanyoyin aikawa da karɓa 32 ko 64. Zangon 3.5GHz da MTN ta fara 5G da shi a Nijeriya a 2022 ba ya cin dogon zango, tattara siginar wuri guda ke ƙara masa nisa.