Duba ido daga nesa: masu so da masu iya biya

A 2018 mujallar Lancet Global Health ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a makarantun firamare na yankin Trans Nzoia a Kenya. Malamai sun auna ganin yara da manhajar Peek a wayar hannu, aka kuma riƙa tura wa iyaye saƙon tuni. Cikin yaran da aka tura asibiti ta wannan hanya, kashi 54 cikin 100 sun je. Inda aka bi tsohuwar hanya ta allon haruffa da takarda, kashi 22 kawai suka je. Ninki biyu da ɗoriya ke nan, amma ba a karɓi ko sisi wajen awon ba, kuma duk da haka kusan rabin yaran ba su taka asibiti ba. Abin da aka auna shi ne amfanin tuni. Aljihun iyaye bai shiga lissafin ba.

Haka abin yake a Ingila. Tun 2003 ake ɗaukar hoton bayan idon masu ciwon suga, ƙwararru su duba shi a wani wurin, kuma kusan kashi 80 na waɗanda ake gayyata suna amsa kira. Hukumar lafiya ta NHS ce ke biya. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, ƙananan cibiyoyin asibitin ido na Aravind suna haɗa majinyaci da likita ta bidiyo, kuma shekaru da dama rupi 20 kacal suka riƙa karɓa. Duk inda adadin ya yi kyau, kuɗin da ke kan majinyaci kaɗan ne ko babu.

A Najeriya fiye da kashi 70 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum miliyan 1.13. Arewa maso Gabas ce kan gaba da kashi 6.1, Kudu maso Yamma na da 2.8. Yanar ido ta haddasa kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kuma kashi 16.7.

Waɗannan biyun su ne zuciyar maganar. Mai yana ya san ba ya gani. Ba hoto yake nema ba, kuɗin mota zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ECWA na Kano yake nema, da kuɗin aiki. Mai hawan jinin ido kuwa, wanda duba da wuri zai fi cetowa, bai ma san yana da cutar ba: cikin waɗanda binciken ya same ta a idonsu, kashi 5.6 kawai suka sani. Ba zafi, ba hawaye. Ka tambaye shi ko yana so a duba shi ba tare da ya bar ƙauye ba, zai ce yana so, da gaske kuma. Ranar biya sai ya ce, "Ai idona lafiya lau."

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a dogara da aljihun majinyaci a wannan aikin. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihohi ma suna da hukumominsu irin su KSCHMA a Kano. Ya kamata hoton ido na masu suga da dattawa ya shiga jerin abin da suke biya a asibitin matakin farko, tare da kuɗin kai wanda aka tura gaba.