Jiyyar Kifi Mara Lafiya

Garin Burumburum yana cikin ƙasar Tudun Wada, a kudancin Jihar Kano. Ba shi da nisa ƙwarai da babban tafkin Tiga, wanda aka samu bayan da aka datse Kogin Kano. An soma aikin madatsar a shekarar 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tun daga sa'an nan masunta ke kamo karfasa da tarwaɗa a tafkin, suna kai wa kasuwanni.

Ban da su, akwai masu kiwon tarwaɗa a gida. Sukan gina kwarmi da siminti, ko kuwa su sayi babbar roba, su cika da ruwa, su zuba 'ya'yan kifi. Kiwon nan yana da riba, amma fa yana da haɗari. Idan ciwo ya shiga kwarmi ba a farga da wuri ba, sai mutum ya wayi gari ya tarar jarinsa duka ya taso saman ruwa, ciki a sama.

Akuya mara lafiya takan yi kuka, kaza takan saki fukafukai. Kifi kuwa ba shi da bakin faɗa. Saboda haka tilas mai kiwo ya zama mai lura. Lafiyayyar tarwaɗa, da an watsa abinci, sai ta taso da wawa tana fantsama ruwa. Mara lafiya takan ƙi ci, ta ware gefe guda, ko ta tsaya a tsaye cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa. Wani lokaci gashin bakinta ya yi fari ya guntule, ko gyambo ya fito mata a jiki, ko cikinta ya kumbura.

To, mene ne ke kawo wannan? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yawancin ciwon kifin gida daga ruwa yake farawa. A cikin ruwan nan kifi yake ci, a ciki yake kashi, a ciki kuma yake numfashi. A tafkin Tiga ruwa yana da yawa, ƙazanta takan baje ta ɓace. A kwarmi kuwa ba ta da wurin zuwa. Ragowar abinci da kashin kifi sukan ruɓe, su haifar da wani dafi da ake kira amoniya. Dafin nan yakan ƙona jan naman da ke ƙarƙashin marfin kuncin kifi, watau abin da yake numfashi da shi. Idan kifi ya raunana haka, sai ƙwayoyin cuta su sami ƙofar shiga.

Cunkoso ma yana kawo ciwo, haka kuma sanyi. Tarwaɗa ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumi, kamar digiri 26 zuwa 30 a ma'aunin zafi. Da hunturu, a watan Disamba da Janairu, ruwa yakan yi sanyi, cinta ya ragu. Wanda bai sani ba sai ya yi ta zuba abinci kamar dā, abincin ya kwanta a ƙasa ya ruɓe.

Ga yadda ake jiyya. Da fari a tsai da ba da abinci kwana ɗaya ko biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwaɗa, amma ruɓaɓɓen ruwa yana kashe ta. Na biyu, a zubar da rabin ruwan kwarmin, a maye shi da mai tsabta, a hankali. Kada sabon ruwan ya fi tsohon sanyi ko zafi ƙwarai. In ruwan famfo ne da aka sa wa magani, a bar shi ya kwana a buɗe tukuna.

Na uku, a tsame mara lafiyan, a sa shi cikin wani mazubi shi kaɗai, a inuwa, a rufe da raga don kada ya yi tsalle ya fita. Kafin a taɓa shi a jiƙa hannu, gama yauƙin nan na jikinsa shi ne rigarsa, busasshen hannu kuwa yana goge shi. Mazubin da aka taɓa zuba sabulu ko maganin feshi a ciki, kada a kuskura a yi aiki da shi. Sa'an nan a narka ɗan gishiri a ruwan, giram 2 ko 3 a kowace lita. Watau jarka mai cin lita 20 ba ta bukatar fiye da giram 60. Gishirin yana rage wa kifi wahala, yana kuma korar waɗansu ƙananan ƙwari da ke manne masa a fata.

Wanda ya mutu a cire shi nan da nan a binne, kada 'yan'uwansa su ci. Idan mutuwa ta ci gaba, a je a kirawo malamin gona ko likitan dabbobi. Kada a zuba wa kifi maganin mutane da ka.

Wannan ka'ida ba ta tarwaɗa kaɗai ba ce. A can cikin teku akwai wata halitta da za a iya kira bushiyar teku, domin jikinta duk ƙaya ne, kamar bushiyar da yara ke gani a gona. Dunƙulalliya ce, ba ta da kai, bakinta yana ƙarƙashinta, da haƙora 5 da take kankarar gansakuka da su daga jikin duwatsu. A ƙasashe kamar Amurka da Ingila mutane sukan ajiye ta cikin akwatin gilashi, tare da murjani da kifaye masu launi, don sha'awa.

Idan bushiyar teku ba ta da lafiya, ƙayoyinta sukan kwanta, su riƙa zuba. Mai ita ba ya fara neman magani. Ruwa yake fara aunawa, ya ga ko gishiri ya ragu, ko ƙazanta ta taru, ko zafi ya sāke. Kāna ya duba ko gansakuka ta ƙare, in ta ƙare ya sa mata busasshen ganyen teku. Yakan kuma kiyaye kada maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe ya shiga ruwan, gama a gare ta dafi ne. In an gyara ruwa da wuri, sau da yawa sababbin ƙayoyi sukan tsiro.

Ga wani abin lura. Ruwan teku yana da gishiri kamar giram 35 a kowace lita. Da za a jefa tarwaɗa a ciki, da ta mutu. Da kuma za a sa bushiyar teku a ruwan Tiga, ita ma da ba ta daɗe ba. Kowace halitta da irin ruwan da aka yi ta dominsa. Aikin mai kiwo shi ne ya san wannan ruwa, ya tsare shi kullum, gama rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama madatsar Tiga?
2. Faɗi alamu uku na tarwaɗa mara lafiya.
3. Don me ake jiƙa hannu kafin a taɓa kifi?
4. Giram nawa na gishiri za a sa a lita 10 ta ruwa?
5. Me mai bushiyar teku yake fara dubawa idan ƙayoyinta suna zuba?