Yawan Jama'a da Tsaro: Daga Fagge Zuwa Agadas

Wanda ya tsaya da hantsi a Titin Ibrahim Taiwo, daura da Kantin Kwari a Fagge, ba ya buƙatar alƙaluma kafin ya san Kano ta cika ta batse. Ga 'yan dako, ga masu turin baro, ga direbobin Adaidaita Sahu, ga 'yan ci-rani daga Maraɗi da Damagaram, akasarinsu samari. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, bayan an yanke mata Jigawa tun 1991. Nijar kuwa, da ba ta kai miliyan 4 ba a 1960, yau ta haura miliyan 25.

Haihuwa arziki ce, amma gona ba ta haihuwa. Gonar da ta ciyar da uba, idan aka raba ta gado tsakanin 'ya'ya takwas, kowa ɗan fegi zai samu. Burtali ya zama gona, rikicin manomi da makiyayi ya tashi, saurayi ya ɗauki jaka ya nufi birni. In ya samu dako a kasuwar Kwari ko ta Singa, ya tsira. In bai samu ba, akwai masu jiransa. Kano ta ga haka a Disamba 1980, lokacin da Maitatsine ya tara samarin da suka baro ƙauye a 'Yan Awaki. Sai da aka kawo soja, kuma sama da mutum 4,000 suka halaka. A Maris 2013 kuma bam ya tashi a tashar New Road da ke Sabon Gari.

Ƙasashen waje sun yi nasu lissafin: ɗimbin matasa marasa aiki, ko dai su shiga daji da bindiga, ko su bi sahara su nufi Turai. Faransa ta kafa rundunar Barkhane a 2014. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, garin Nijar da baƙin haure ke ratsawa. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Yamai, sojojin Faransa suka fice daga Nijar a Disamba, na Amurka suka bi baya a 2024.

Sun tafi, samarin suna nan, kuma kullum ƙaruwa suke. A ganina, masaƙun Sharaɗa da Bompai na Kano da suka durƙushe, da a ce suna aiki, da sun tsare arewa fiye da sansanin Agadas.